Layi na Biyar Ba Zai Fita Ba

Unguwar Maƙera, Hunza
9 ga Oktoba

Zuwa ga yayana abin alfaharina, Yaya Sherbaz,

Assalamu alaikum, Ya Ali madad. Bayan gaisuwa mai yawa irin wadda ƙanwa take yi wa yayan da ya goya ta, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya ƙalau, jiki da zuciya. Ina roƙon Allah ya kare ka daga zafin Karachi da hayaƙinta, ya sa albarka a aikinka na kantin magani, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kuma dawo mana da kai muna raye. Niyat Shah direba ne zai kawo maka ita, tare da ƙullin busassun 'ya'yan itacen mishmish da kwalbar mai da Mama ta haɗa. Ka duba ƙullin da kyau, domin Mama ta ce rabi naka ne, rabi na abokan ɗakinka, kada ka ɓoye duka a ƙarƙashin gado kamar bara.

Mu nan kowa lafiya, sai godiya. Mun gama shanya mishmish a kan soro tuntuni, bana ruwa sau ɗaya kawai ya taɓa shi. Yanzu tuffa ake tsinka, ganyen itatuwa ya fara ja, da safe kuma ruwan magudana yana cizon hannu. Baba ya busa algaita a bukukuwa huɗu a jere, ya dawo daga na ƙarshen da kumburarren leɓe. Mama tana shafa masa mai tana faɗa, shi kuma yana cewa algaitar ce ta tsufa, ba shi ba. Baffa Darwesh ba ya ɗaga kai daga maƙera, kowa ya tuna da murhun ƙarfensa sai yanzu da sanyi ya leƙo. Ƙanwarmu Gulnar ta zubar da haƙoran gaba biyu, ta daina dariya a gaban mutane. Kakarmu Api tana nan da tarinta, wani yini ya lafa, wani yini ya tashi, amma bakinta lafiyarsa ƙalau, kamar yadda ka san shi.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wayar da ka yi ranar Juma'a, mako biyu ke nan. Baba ya miƙo mini wayar yana tsaye a kaina, ka ce in yanke layi na biyar daga jadawalina, in daina jawo wa gida magana, ni kuma na ce to. Ka san ni, ko Malama ce ta tambaye ni abin da na sani sarai, sai harshena ya naɗe. Na ce to ne domin ban iya cewa komai a waya ba. A takarda na iya, shi ya sa nake gaya maka yanzu cewa ban yanke ba. Na san abin da ke ciki. Jadawalin nan shi makarantarmu ta zaɓa ya tafi baje kolin ayyukan ɗalibai a Gilgit, kuma ɗalibai ukun da suka yi fice a can ana ba su gurbi a kwalejin 'yan mata ba tare da jarrabawar shiga ba. Ka san tun ina aji shida nake son kwalejin nan. Ba wanda zai tuna mini wannan. Amma kai rabin labarin aka ba ka, daga bakin Baffa Darwesh, don haka ka yi haƙuri ka karanta nawa har ƙarshe.

Shekara biyu da suka wuce, bayan tafiyarka, wani malamin jami'a ya zo daga Lahore, sunansa Malam Tauqir. Ƙauye-ƙauye yake bi da takardar tambayoyi, kalmomi ɗari biyu da jimloli hamsin, yana son ya gano harsunan duwatsun nan wanne ɗan'uwan wanne ne, da yadda kowanne yake gina maganarsa. An nuna masa gidanmu aka ce nan ne zai ji harshenmu, Domaki. Baba ya shimfiɗa masa dardumar baƙi, Mama ta fito da kofunan nan masu fure, aka zuba shayi mai gishiri, aka kira Baffa Darwesh daga maƙera ya wanke hannu ya zauna. Mutumin ya buɗe takarda ya tambayi yadda ake cewa ruwa a harshenmu. Baba ya ba shi da Burushaski. Ya tambayi wuta, ya tambayi hannu, ya tambayi yadda za a ce yaro ya ga akuya, duk Baba da Baffa suna ba shi da harshen maƙwabta, suna ma gyara wa juna don ya fito tsaf. Kai ka san dalili, ba sai na gaya maka ba. Ba a yi wa baƙo harshen gida. Da zarar takalmin baƙo ya tsaya a ƙofa, harshen gida ya shige ɗaka, kamar yadda ake kawar da tsohon bargo. A wajen Baba girmamawa ce ya yi masa. Mutumin dai ya yi ta kallon takardarsa yana sosa kai, can ya tambaya ko ba sauran tsofaffin da suke jin na dā ɗin. Baba ya ce ai duk sun rasu, Allah ya ji ƙansu, ya ƙara masa shayi.

Api tana bayan labule tana jin komai, ko tari ba ta yi ba. Da baƙon ya tafi sai ta fito ta ce ashe ta mutu ba wanda ya gaya mata, to tunda haka ne a kawo mata abincin sadakar ukunta ta ci, yunwa take ji. Kowa ya yi dariya, har da Baba. Ni ma na yi, ni ce ma na kwashe kofunan. Ban san abin da muka aikata ba sai bana.

A farkon zangon nan Malama Zeb Jahan, wadda take koya mana Urdu, ta shigo aji da wata babbar takarda bugaggiya da ɗan littafi, aikin da Malam Tauqir ya fitar. Ta manna takardar a allo ta ce masana suna rarraba harsuna ta hanya biyu. Akwai rabon jini, wato waɗanda suka fito daga kaka ɗaya, akwai kuma rabon gini, wato yadda harshe yake jera kalmominsa da yadda yake kasa abubuwan duniya. Ta ce kada mu ruɗu da kalmomi kaɗai, domin kalma aron ta ake yi tsakanin maƙwabta kamar ludayi, sai an duba azarar da ta riƙe rufin. Yaya, ban taɓa jin darasin da ya shiga raina haka ba. Ina ta bin takardar da ido, ga Shina, ga Wakhi, ga Balti, ga Burushaski shi kaɗai a gefe ba ɗan'uwa. Sai can ƙasa na ga sunan harshenmu, gidajen da ke gabansa duk fanko, an rubuta da ƙananan haruffa cewa a unguwarmu ba a sami mai jin sa ba, waɗanda aka tambaya harshen maƙwabta suka bayar. Dilshad, wadda take zama a bayana, ta ce wai ai ba mutuwa ya yi ba, cikin algaita ya shige, shi ya sa take irin wannan kuka. Aji ya kwashe da dariya. Malama ta tsawatar, amma kowa ya riga ya waiwayo ya kalle ni. Na sunkuyar da kai ina kallon tebur har aka tashi. A wannan safiyar, kafin in fito daga gida, Api ta zage ni da harshen nan saboda na bar ƙofar awaki a buɗe.

Na roƙi Malama ta ara mini ɗan littafin, na kwafe tambayoyin duka. Da na zauna gaban Api da littafi da biro na tambaye ta yadda ake cewa ruwa, sai ta gyara gyale ta ba ni da Burushaski. Wallahi, Yaya, biro kawai ta gani ta mai da ni baƙuwa. Kwana uku ina gwadawa a banza. Daga baya na gane hanya. Sai in ɓoye littafin a ƙarƙashin faifai, in zauna ina fasa ƙwallon mishmish, in ba ta baya, in jira ƙawarta Bibi Lal ta shigo su fara gulmar surukansu. Abin da na ji in riƙe a ka, in fita kamar zan zubar da ɓawo, in rubuta a bayan ɗaki. In ina son wata jimla takamaimai sai in shirya mata hanya. Da nake neman yadda za a ce yaro ya ga akuya, sai da na saki akuyar cikin lambun Bibi Lal, aka tsaya ana musun wa ya gan ta da farko, na samu jimlar har kala huɗu, na kuma samu rankwashi biyu. Wata uku na yi a haka. Api ta gane tun a mako na biyu, amma ta yi kamar ba ta gane ba. Sai dai in ta faɗi kalma mai wuya takan maimaita ta da ƙarfi, tana kallon akuya.

Da abin da na tara na yi jadawalin, a kan kwali mai faɗi, layi biyar a tsaye. Urdu daga littafi, Wakhi daga bakin Malama tunda 'yar Gojal ce, inda ake yin sa, Shina daga maigadin makaranta, Burushaski daga kowa, na biyar daga Api. Ka ji abin da ya fito. Dukansu biyar aikin da aka yi ne yake zuwa a ƙarshen magana, a nan ba su saɓa ba. Amma Burushaski kashi huɗu yake kasa abubuwa: maza daban, mata daban, dabbobi da abin da ake ɗauka ɗai-ɗai daban, irin su ruwa da hayaƙi daban. Wakhi ba ruwansa da wannan kaso sam. Namu kuwa kashi biyu ne, namiji da mace, kamar Urdu da Shina. A Burushaski ba ka iya cewa hannu sai ka faɗi na wane ne, a namu kana iyawa. Ruwa su suna ce masa tsil, mu muna cewa pani, kamar yadda ake cewa a can inda kake. Mu muna ƙirga ek, dui, kai ma ka san da wa wannan ya yi kama. Kalmomin aro kam suna nan birjik, na maƙwabta ne, ban ɓoye su ba, na yi musu alama da jan biro. Amma azarar tamu ce, kuma danginta sun bazu har ƙasan filayen da motarka ta ratsa kafin ta kai Karachi. Abin da ake ce mana surutun maƙera ne, wanda aka ƙaga don a cuci mai kawo lauje, ashe ɗan'uwan harshen da ake ba mu maki a kansa ne a jarrabawa. Ranar da na ga wannan a kan kwali, na daɗe zaune ina kallon sa, shayina ya huce ban sani ba.

Malama ta kai wa hedimasta, ya yaba, ya ce shi za a kai Gilgit. Bayan kwana biyu ya kira ni ofis, ɗan littafin yana buɗe a gabansa. Ba mugun mutum ba ne, ban ce haka ba. Ya ce 'yata, wannan takardar jami'a ce, alƙalan Gilgit ma ita za su riƙe a hannu, ba zai kai 'yar aji goma ta ƙaryata malamin jami'a a yi wa makaranta dariya ba. Ya ce ko in yanke layi na biyar, huɗun ma sun isa su ci gasa, ko kuma in kawo masa babban mutum ɗaya da zai yi harshen a gabansa ya ji da kunnensa. A gida kuwa Baffa Darwesh ne ya fara. Ya sa mini suna Farfesa. Ya ce wai Farfesa ta fara koyon ɗaga kai ta gai da mutane tukuna kafin ta gyara wa Lahore littafi. Ya ce shekara hamsin suna goge sunan nan na masu jin Domaki daga goshinsu, sai ga 'yar da ko zuga-zugi ba ta iya ja ba za ta rubuta shi da manyan baƙaƙe ta kai shi Gilgit a ɗauka a hoto. Baba bai yi tsawa ba, ya dai ce, Nek Bano, abin da yake na ɗaka a bar shi a ɗaka. Daga nan ne Baffa ya kira ka.

Na yi ta juya maganar da ka yi a wayar. Ka ce a Karachi kai ɗan Hunza ne kawai, ba mai tambayar wace unguwa, ka ce hoton zai yi yawo a wayoyi har ya iso ɗakinku. Yaya, da girmanka, wane ne a ɗakin nan bai sani ba? Abokan ɗakinka uku 'yan kwarin nan ne. Wannensu ne aka yi bikin yayansa ba da algaitar Baba ba? Wannensu ne uwarsa ba ta gasa gurasa a kan ƙarfen da Baffa ya ƙera ba? Sun sani, sun yi shiru, kai ma ka yi shiru, shi ke nan abin da kake kira ba mai tambaya. Dilshad ba ta jira jadawalina ba kafin ta san ko ni 'yar wace ce ce. Mun ɓoye harshen shekara da shekaru, ba wanda ya manta da mu, mu ne kawai muka kusa manta shi. Gulnar ba ta jin komai a ciki sai zagi. Ni da kaina ban iya haɗa jimla uku ba sai bana.

Yanzu ga abin da ba a gaya maka ba, domin Baba ya hana a faɗa. Ranar Talatar da ta biyo bayan wayarka na roƙi hedimasta da Malama su zo gidanmu bayan an tashi, ban kuwa sanar da kowa a gida ba. Wannan laifina ne, na amsa shi. Baba yana ganin su ya hau shimfiɗa darduma, Mama ta ɗora shayi. Hedimasta ya nemi a fito da Api, ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, ya ce ya ji an ce tana da wani tsohon harshe, yana roƙon ta ɗan yi masa ko jimla biyu. Na tsaya a jikin ginshiƙi ina kallon bakinta, ina addu'a a zuci. Api ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta amsa masa da Burushaski mai kyau, irin wanda ko ni ban san ta iya ba, wai ita tsohuwa ce marar haƙori, me ta sani, ya sha shayinsa kada ya huce. Ya sake roƙo, ta sake tura masa faranti. Malama ta dube ni da tausayi. Ban san lokacin da na baro ginshiƙin ba. Na tsaya a tsakiyar ɗaki na ce ranka ya daɗe, ga mai jin sa nan. Na fara da harshen gida, a gaban baƙi biyu, a kan dardumar baƙi. Na faɗi yadda na tashi da safe, na ɗebo ruwa, na kai awaki, na faɗi sunan Baba da na babansa da sana'arsu, na ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin. Mama ta tsaya da buta a hannu kamar an dasa ta. Baba ya kira sunana sau ɗaya, a hankali. Ban tsaya ba sai da na kai ashirin.

Hedimasta ya ce ya ji, kuma ya yarda ba ƙaga shi na yi ba, amma mai ƙara ba ya zama shaidar kansa, alƙalai za su ce don gasar na haddace. Ya ba ni zuwa Alhamis in kawo kwalin da layi huɗu. Malama ta biyo ni har bakin hanya ta ce in yanke, in je in ci gurbin, in na zama babba na dawo na rubuta littafi guda a kansa, ba wanda zai zarge ni. Na san don ni take faɗa. Laraba na ɗauko almakashin Mama na ajiye kusa da kwalin, na yini ina wucewa ta gabansu. Amma in na yanke, Yaya, me na kai Gilgit? Na kai musu abin da takardar Lahore ta riga ta faɗa, da rubutun hannuna, da sunan gidanmu a ƙasa. Wancan karon ban sani ba, kofuna kawai na kwashe. Wannan karon na sani. Alhamis na kai kwalin ofis yadda yake. An cire sunana. Dilshad ce za ta tafi, da aikinta na yadda ake rabon ruwan magudana, kuma aikin nata yana da kyau, ba zan ce ba shi da shi ba. Na je bayan garken awaki na yi kukana har ya ishe ni. Saura jarrabawar shiga a watan Afrilu, mu ɗari da wani abu a kan gurbi kaɗan. Zan zauna. In na faɗi, na faɗi.

Na kwafe littafina kaf, shafi arba'in da ɗaya, Malama ta aika wa Malam Tauqir ta gidan waya tare da wasiƙata. Na gaya masa ba ƙarya aka yi masa don mugunta ba, karamci ne aka yi masa har ya tafi hannu wofi. Ban san ko zai amsa ba.

Api ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana, wai na tuɓe ta a kasuwa. A rana ta uku muna zaune mu uku muna tsince tuffa, ta juya wajen Mama ta ce a gaya wa waccan marar kunyar, ni kuwa ina kusa da ita har gwiwarmu tana gogar juna, wai ba ƙin yi ta yi ba, bakin ne ya ƙi buɗuwa, shekara saba'in bai taɓa yi ba, ba zai fara don hedimasta ya durƙusa ba. Ta ce amma in mutumin Lahore ɗin yana da sauran hankali ya dawo, sai dai kada wanda ya kuskura ya shimfiɗa masa darduma. Ya shigo ta ƙofar awaki, ya zauna a ƙasa, ya fasa ƙwallon mishmish, ya ɗebo ruwa kwana uku, in ya zubar a zage shi. In ya kwana uku ana zaginsa ya daina zama baƙo, a nan za ta cika masa takardun nasa har ya roƙe ta ta yi shiru. Ta ce kuma ya yi sauri, da ƙirjin nan nata ba ta yi masa alkawarin sanyi biyu ba. Baba yana bakin ƙofa yana gyara bakin algaita, duk ya ji. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, ai ko shayi dai a ba bawan Allah. Api ta ce a ba shi a kofin nan mai tsagaggen baki. Na ƙara wannan duka a wasiƙa ta biyu, har da zancen kofin, Malama ta aika jiya.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa, ka gafarce ni. Kai ne ka tashi a cinyar Api, a cikin mu duka ba wanda ya kai ka jin harshen nan. Da ka zo hutu bara, kwana goma sha biyu ka yi. Mama ta ba ka shayi a kofi mai fure tun daga ranar farko har ranar da ka tafi, kuma ban ji Api ta yi maka kalma ɗaya da harshen gida ba, ko ta zagi. Ni na lura, ban dai san sunan abin ba a lokacin. Ban san ko kai ka lura ba. In ka zo hutun sanyi, kwalin yana rataye a bangon da yake kallon ƙofa, layinsa biyar, Baba bai sauke shi ba har yau. Kada ka sake kira a kan maganar, domin a waya zan sake cewa to, kuma ba zan yi ba.

Baba yana gaishe ka, ya ce ka riƙe ibada. Mama ta ce ka rage shan ruwan sanyi, kuma ka dawo mata da kwalbar in man ya ƙare. Baffa Darwesh yana gaishe ka, har yanzu Farfesa yake ce mini, na ma fara amsawa. Bibi Lal ta ce ka yi ƙiba ko ka rame, ka aiko da hoto ta gani. Gulnar tana gaisuwa da baki a rufe. Ka gai da abokan ɗakinka, ka ba su rabonsu. Na tambayi Api ko tana da saƙo, ta ce a gai da mutumin Karachi.

Allah ya tsare mana kai, ya sassauta zuciyarka a kaina.

Ƙanwarka mai girmama ka ko da ta saɓa maka,
Nek Bano